Ƙaura zuwa sabon gida: Yadda ake tsara ta da yadda ake hulɗa da masu ɗaukar kaya

A biranen Arewa kaɗan ne daga cikin magidanta ke ƙare rayuwarsu a gidan da suka fara zama. Ma'aikaci kan wayi gari an sauya masa wurin aiki daga Kaduna zuwa Abuja. Ɗan kasuwa kan ga nisan da ke tsakanin gidansa da Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse yana cinye masa lokaci da kuɗin mota. Wani mai gida ne ya ƙara masa haya, wani iyali ne suka ƙaru, wani kuma Allah ne ya hore masa nasa na kansa. Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da tsarin mayar da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati da dama, ma'aikata masu yawa suka koma nema wa kansu muhalli a wurare irin su Kubwa da Lugbe da Nyanya da Mararaba da Suleja, abin da ya sa sauya gida ya zama ruwan dare a tsakaninsu.

Sana'ar ɗaukar kaya a ƙasar nan har yanzu yawancinta da baki ake yin ta: direba da motarsa, 'yan dako uku ko huɗu, sai ciniki a tsaye a bakin tasha. Babu takarda, babu inshora, babu wanda aka ɗora wa alhakin abin da ya fashe. Saboda haka nauyin tsara aikin gaba ɗaya yana wuyan mai kaya ne, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a ranar ƙaura tana samo asali ne daga abin da ba a yi magana a kansa ba kafin mota ta iso ƙofar gida. Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane.

Rabuwa da tsohon gida

Ƙaura tana farawa ne daga takardar yarjejeniyar haya. A ɗauko ta a karanta: yaushe kuɗin ke ƙarewa, wane wa'adi aka ce a bayar kafin tashi, kuma a wane hali aka ce a mayar da gidan. Abin da aka rubuta aka sa wa hannu shi ke gaba. Idan babu abin da aka rubuta game da wa'adi, dokar karɓar gidaje da ke aiki a Abuja, da makamantanta a jihohi da dama, ta tanadi wa'adin mako guda ga mai biyan haya mako-mako, wata guda ga mai biya wata-wata, wata uku ga mai biya duk bayan wata uku, sai wata shida ga ɗan hayar shekara. Bayan wa'adin ya cika akwai wata takardar ta kwana bakwai da mai gida zai bayar kafin ya nufi kotu. Doka ba ta ba shi damar cire rufi ko sauya makulli ko watso kaya waje da kansa ba. Sanin wannan yana hana mutum tashi a firgice, domin ƙaurar da aka yi cikin gaggawa ita ta fi kowace tsada.

Ɗan haya ma akwai haƙƙi a kansa. Ya sanar da mai gida ko wakilinsa a rubuce, ya nemi su zagaya gidan tare kafin ranar tashi, a duba famfo da ƙofofi da tagogi da bango, a daidaita kan abin da za a gyara. Idan an karɓi kuɗin ajiya na ɓarna lokacin shiga, a wannan zagayen ne ake tsayar da maganar mayar da shi. Ranar miƙa makulli a ɗauki hoton kowane ɗaki da na mitar wuta, a kuma karɓi shaidar cewa ba a bin mutum bashin komai.

Abin dubawa a sabon gida

Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar wanda ake magana da shi yana da ikon bayar da gidan haya. Ba sabon abu ba ne a ji dillali ya karɓi kuɗin gida ɗaya daga hannun mutum biyu ko uku. A nemi ganin mai gidan ko lauyansa, a biya ta banki, a karɓi rasit. Kuɗin dillali da na lauya da na ajiya a lissafa su tun farko, domin idan aka haɗa su sukan kai wani babban kaso na hayar shekara.

Sai batun wuta. Kamfanonin rarraba lantarki irin su KEDCO da AEDC da Kaduna Electric suna ɗora bashi ne a kan lambar mita ko asusun gida, kuma a aikace sabon ɗan haya kan tarar ana cire tsohon bashi daga katin da ya saya. A nemi lambar mitar a bincika a ofishin kamfanin kafin a sa hannu. A kuma tambayi rukunin da layin unguwar yake, domin tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ƙara farashi ga rukunin Band A, wanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, bambancin kuɗin wuta tsakanin unguwa da unguwa ya zama abin sa wa a lissafi. Mita kuwa ba a cire ta a tafi da ita wani gida ba tare da izinin kamfanin ba, ko da mutum da kuɗinsa ya saya.

A duba ruwa: na famfo ne, ko rijiyar burtsatse, ko kuwa 'yan garuwa za a dogara da su. Wanda ya ga gida da rani ya tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina, ya kuma duba silin da ƙasan bango ko akwai tabon yoyo ko na ambaliya. A auna faɗin ƙofofi da matakalar bene da tsawon ɗakuna, a gwada da girman gado da sif da kujeru. Sau da yawa sai an sauke kaya ake gane cewa kujera mai zaman mutum uku ba za ta shiga falo ba. Fenti da feshin maganin ƙwari da gyaran famfo da sauya makullai duk a gama su gidan yana fanko.

Zaɓen lokaci

Damina a yawancin Arewa tana kamawa ne daga wajen watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. Dogon hutun makarantu kuma a wannan tsakanin yake faɗowa, wato lokacin da ya fi dacewa da sauya wa yara makaranta shi ne kuma ya fi haɗari ga katifa da kayan katako. Wanda ya zaɓi wannan lokaci ya nemi mota mai rufi, ko ya ga tamfol ɗin da idonsa, ya tabbatar babu huji. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, musamman ga kayan lantarki da labule da kujerun yadi. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda aka riga aka yi wa rajistar WAEC ko NECO, ya fi kyau a bar shi ya ƙarasa a makarantarsa.

Ranar ma a zaɓe ta da lura. A jihohin da ake tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, kamar Kano, ana taƙaita zirga-zirga da safe. Ranar Juma'a ana rufe hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai da rana. Ƙarshen wata da jajiberin Sallah motoci kan yi wuya, farashi ya tashi. Mutane da yawa sun fi son kwashe kaya da dare don kare sirrinsu daga idon jama'a, kuma wannan dalili ne da ake fahimta, sai dai yana da nasa illar: a cikin duhu ake mantuwa, a cikinsa ake fasa kaya, sannan motar da ke fita da kayan gida da tsakar dare tana iya jawo zargin 'yan sintiri. Sammako bayan asuba yana ba da sirrin da ake nema ba tare da wannan haɗarin ba. Tafiya tsakanin gari da gari kuwa da rana ya kamata a yi ta.

Masu ɗaukar kaya da irin motocinsu

Ga mai ɗaki ɗaya da zai koma unguwar da ke kusa, kura ko baro ko babur mai ƙafa uku na kaya sun wadatar. Ƙaramar motar da ake kira a-kori-kura tana ɗaukar kayan ɗaki da falo, kuma tana shiga lungun da babbar mota ba ta iya shiga. Kanta ita ce aka fi nema ga gida mai ɗaki biyu ko uku, a cikin gari ko tsakanin garuruwa. Babban gida ko tafiya mai nisa sai gingimari ko mota mai rufaffen baya. Ana samun waɗannan motoci a tashoshinsu na gefen manyan kasuwanni da wuraren sayar da katako da kayan gini, kuma galibin direbobinsu suna ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su NURTW da RTEAN, masu manyan motoci kuma NARTO.

A Abuja da Legas da wasu manyan birane akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: su zo su ƙiyasta kaya, su kawo kwalaye, su ɗaure, su kai, su jera. Sun fi tsada, amma suna ba da takarda, wasunsu kuma suna da inshorar kaya a kan hanya. Wanda zai yi hulɗa da irinsu ya tabbatar suna da ofishin da za a iya zuwa da rajistar hukumar CAC, ya kuma nemi ganin takardar inshorar ya karanta abin da ta ƙunsa. Shafi mai kyau a Facebook ko Instagram ba shaida ba ce.

Idan direban tasha za a ɗauka, hanyar da ta fi aminci ita ce a bi ta hannun shugabannin tashar ko wani da ya taɓa aiki da shi, domin wanda aka san tasharsa an san inda za a kai ƙararsa. A rubuta lambar motar da sunan direban da lambar wayarsa, a ba wani na gida. A duba tayoyi da ƙasan bodin motar: wadda ta ɗauko gawayi ko siminti ko dabbobi jiya za ta bar tabo a katifa yau. A tambayi takardun mota da lasin tuƙi, domin idan jami'an FRSC ko KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna suka tsare mota, da kayan da ke cikinta za ta tsaya.

Ciniki

Abubuwan da ke yanke farashi su ne nisa, da girman mota, da yawan sawu, da hawan bene, da kyawun hanya, da kuɗin mai. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin sufuri ya daina zama wuri ɗaya, don haka kuɗin da maƙwabci ya biya bara ba ma'auni ba ne. A tafiya mai nisa, kamar Kano zuwa Abuja mai tazarar sama da kilomita 400, direba yakan sa kuɗin dawowarsa fanko a lissafi. Wanda ya dace da motar da ta kawo kaya za ta koma garin da ya nufa yakan samu sauƙi sosai.

A nemi farashi daga mutum uku, kuma kowannensu ya zo ya ga kayan, ko a tura masa bidiyonsu, har da na sito da na tsakar gida. Cinikin da aka yi a waya a kan "'yan kaya kaɗan" shi ke zama rigima bayan an loda rabi. Kafin a rabu a tsayar da waɗannan: sawu nawa kuɗin ya ƙunsa, wa zai biya 'yan dako, kuma lodi da saukewa duka ne ko ɗaya, za a shigar da kaya har ɗaki ne ko a ƙofar gida za a ajiye, wa ke da alhakin kuɗin ƙungiya da na hanya, me za a yi idan mota ta lalace ko wani abu ya fashe. A rubuta su ko da a saƙon waya ne, direba ya amsa. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai sayi mai, cikon kuma sai an sauke kaya an ƙirga. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran abin tuhuma ne, domin araha ba ta ado.

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da aka sauya wa wurin aiki ya tuntuɓi sashen mulki na ma'aikatarsa tun da wuri. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi alawus na sufuri da na masauki na kwana 28 na farko da na sake zama ga wanda gwamnati ta tura, amma wanda shi ya nemi sauyin ba duka yake samu ba. Kuɗin kan makara, don haka a adana kowane rasit, kada kuma a dogara da su wajen biyan mota.

Ɗaure kaya

Mako biyu ko uku kafin ranar a fara da abin da ba a buƙata kullum. Wannan ne lokacin rage kaya: abin da ya shekara biyu ba a taɓa ba a sayar, ko a bayar, maimakon a biya kuɗin ɗaukarsa. Kwalaye ana samunsu a wurin masu shagunan kayan masarufi. Littattafai da duk abu mai nauyi a ƙananan kwalaye, tufafi da labule a jakar bakko. Tangaran da gilasai a naɗe kowanne da jarida ko tsumma, faranti a jera su a tsaye, a cike gibin kwalin yadda ba za su motsa ba. Kowane kwali a rubuta masa lamba da ɗakin da za shi, a kuma rubuta lambar a littafi. Kada a rubuta sunan abu mai daraja a jikin kwali.

A gidan Bahaushe yawancin kayan ɗaki na matar gida ne, iyayenta suka yi mata, kuma ɓarnar da aka yi musu takan daɗe ba a manta ba. Don haka a shigar da ita cikin tsarin tun farko, ita ta faɗi abin da ya fi buƙatar lallaɓawa. Gado da sif da madubin zamani galibi da matsattsen garin katako ake yinsu, ba sa jure jiƙa, ba sa kuma jure ja a ƙasa. A kira kafinta ya kwance su, a zuba notinan kowanne a leda a manna a jikinsa, shi kuma ya je ya ɗaura a can.

Firji a kashe shi kwana guda kafin tafiya ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, a bar shi ya yi wasu awoyi kafin a kunna don man injinsa ya koma mazauninsa. Na'urar sanyaya ɗaki da faifan sola da inbata da baturansu sai mai gyara ya cire, in ba haka ba a yi asarar iskar na'urar ko a ƙona waya. Janareta a zuƙe masa mai. Tukunyar gas a rufe ta, a cire mata tiyo, a ɗaure ta a tsaye nesa da zafi. Talabijin ma a tsaye ake ɗaukarta, a naɗe da bargo.

Akwai abin da ba ya shiga motar kaya ko kaɗan: takardun makaranta da na fili da na aiki, fasfo, kuɗi, gwala-gwalai, kwamfuta, magungunan da ake sha kullum. Waɗannan a hannun mai su za su tafi. A kuma ware jaka guda ta daren farko, mai ɗauke da tabarma ko zanin gado, fitila, cajar waya, buta, sabulu, kayan yara da ɗan abinci. Ɗan kasuwar da ke ajiye haja a gida ya kwashe ta a wani sawu na daban, a ƙirga da littafi a gaban yaronsa, ya kuma riƙe rasit ɗin sayenta saboda shingayen bincike idan za a tsallaka jiha.

Ranar ƙaura

Ana buƙatar amintattun mutum biyu aƙalla: ɗaya a tsohon gida yana ƙirga abin da ke fita, ɗaya a sabo yana ƙirga abin da ke shiga. Wani na gida ya bi motar, ko a cikinta ko a bayanta. Mata da ƙananan yara da tsofaffi ya fi kyau su riga yin gaba ko su zauna a gidan 'yan uwa har a gama, saboda sutura da kuma kariya daga haɗari. Wajen lodi masu nauyi ne a ƙasa kuma a gaba, kusa da kan mota, masu fashewa a ƙarshe, katifu a tsakanin kayan katako su zama kariya. Kada a yarda da lodin da ya wuce kima don gudun sawu na biyu. Awaki da kaji a kai su daban.

'Yan dako mutane ne masu neman halal da ƙarfinsu. Ruwan sha da abinci da magana mai daɗi suna sa su lallaɓa kaya fiye da tsawa. Idan an ga ɓarna a nuna ta nan take kafin a biya ciko, domin bayan mota ta tafi magana ta zama musu. Kafin a rufe tsohon gida a sake zagayawa: saman sif, bayan ƙofa, banɗaki, igiyar shanya, rufin da aka ɗora faifan tauraron ɗan Adam.

Bayan an sauka

Adireshi yana bin mutum a wurare da yawa. A sanar da banki da wurin aiki da makarantar yara. Hukumar NIMC tana sauya adireshin da ke jikin lambar NIN. Hukumar INEC tana mayar da rajistar mai zaɓe zuwa rumfar da ke kusa da sabon gidansa a lokacin da aka buɗe rajista, kuma wanda ya yi sakaci da wannan sai ya zaɓi tsakanin doguwar tafiya da rasa ƙuri'arsa. Mai inshorar lafiya ta NHIA ya nemi a sauya masa asibiti zuwa na kusa tun ciwo bai zo ba. Wanda adireshin gidansa ne ke jikin rajistar kasuwancinsa ya gyara a CAC, ya kuma sanar da abokan cinikinsa.

Sai haƙƙin zaman tare. Al'ada ce mai kyau a bi tsofaffin maƙwabta a yi musu sallama, a nemi yafiya, a biya bashin mai shago da mai ruwa. A sabuwar unguwa magidanci ya gabatar da kansa ga mai unguwa da maƙwabtan dama da hagu, ya tambayi tsarin tsaro da na kwashe shara da abin da ake biya. A rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya a sanar da masu kula da wurin tun kafin ranar, domin wasu ba sa barin motar kaya ta shiga ko ta fita sai da izini. Mutane da yawa kan yi addu'a da sadaka a makon farko, wanda ta nan ne ma ake fara sanin fuskokin maƙwabta. Jere kuwa ba sai a rana ɗaya ba: a fara da ɗakin kwana da kicin, a ajiye littafin lambobin kwalaye har sai an buɗe na ƙarshe an tabbatar babu abin da ya ɓace.